Tsakanin Kwandensa da Lagireto

Auta ya haura shekara arba'in da biyar, furfura ta cinye rabin gemunsa, 'ya'yansa huɗu, amma har yau ba wanda ke kiransa da wani suna in ba Auta ba. Sana'arsa tuƙi. Yana da wata farar a-kori-kura mai ƙofa huɗu, da ita yake kai wa masu shaguna kaya: yau siminti, gobe katan-katan na sabulu, jibi firji. Wata Talata yana bin bayan tifa a hanyar bayan gari, sai tsakuwa ta fallo daga ƙarƙashin tayarta ta shige ta ragar gaban motarsa. Ya ji wani tsiii kamar an yayyafa wa garwashi ruwa. Kafin ya kai shataletale, esin motar ya koma hura masa iska mai ɗumi kamar numfashin mai zazzaɓi.

Da a wani lokaci ne, da sai ya sauke gilashi ya ci gaba da harkarsa. To amma a makon ne ya samu aikin da ya daɗe yana fafutukar nema. Wasu masu awon filaye za su ɗauke shi na wata uku, ya riƙa kai su bayan gari da na'urorinsu yana dawo da su. Shugabarsu, wata injiniya mai magana ɗaya, ta ce sharaɗinta guda ne: esi ya yi aiki, domin na'urorin ba sa son zafi, ita ma ba ta so. Litinin za a fara.

Gyaran esin mota kuwa a wannan sashe na gari mutum ɗaya aka sani da shi, wanda kowa ke kira Mai Sanyi. Shi ne yayan Auta, uwa ɗaya uba ɗaya. Gidan da mahaifinsu ya bar musu suke zaune su biyun, sai dai shekara shida ke nan da aka ja katangar bulo a tsakiyarsa, kowa ya fasa ƙofarsa ta waje. Tun daga lokacin ko gaisuwa ba ta haɗa su ba.

Abin da ya faru shi ne, mahaifiyarsu ta kwanta ciwo Auta yana can ya kai kaya wani gari mai nisa. Kwana uku tana jinya a gida, a na huɗu aka kai ta asibiti, da yamma ta cika. Auta ya dawo ya tarar da gida cike da mutane. A gabansu, idonsa rufe, ya dubi yayansa ya ce masa sakacinsa ne ya kashe ta. Yaya bai ɗaga murya ba. Ya dube shi, ya ce ya ji. Bayan mako guda ƙanwar mahaifiyarsu ta zaunar da Auta ta gaya masa cewa tsohuwar ce da kanta ta ƙi asibiti, ita ce kuma ta hana a buga masa waya, wai in ya ji zai yi gudu da mota ya halaka. Yaya har kuka ya yi yana roƙonta. Auta ya ji wannan, ya kuma yarda, amma magana zarar bunu ce. Ya ce gobe zai je ya ba da haƙuri. Gobe ta zama jibi. Yana cikin tattara ƙarfin hali ya wayi gari ya ga magina suna sauke bulo a tsakar gida.

Saboda haka ranar Laraba ya kai motar wani gareji can nesa. Makaniken ya leƙa, ya ce kwandensa ce ta huje, sai an sa sabuwa. Sai ya ɗago ya ƙare wa Auta kallo, ya fashe da dariya, ya ce ai shi a hannun Mai Sanyi ya koyi aiki, yaya mutum zai bar kogi a gidansu ya zo roƙon ruwa a randa? Auta ya yi yaƙe, ya ce bari ya je ya dawo. Bai koma ba. Kasuwar kayan mota ya wuce ya sayi sabuwar kwandensa a kwalinta, ya shigo da ita gida a lulluɓe da tampol kamar kayan sata. Ya ƙudurta shi zai ɗaura ta da kansa, in ya so Litinin da sassafe ya nemi inda ba a san shi ba a ɗura masa gas.

Ranar Lahadi matarsa ta shirya yara za su wuni gidan yayarta. Tana ɗaura wa ƙaramar takalmi ta ce masa, ba tare da ta ɗago ba, ya dai san Yaya ba ya fita ran Lahadi. Ya ce ya sani. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a, amma ita ba ta taɓa ganin direban da ya zama makanike a wuni ɗaya ba. Suna fita ya tura ƙyauren get ya danna sakata ta ciki, sama da ƙasa, don kada wani maƙwabci ya leƙo ya gan shi da sifana.

Motar tana fake a gindin katangar, nan ne kawai ke da inuwa da safe. Ya buɗe bonet ya tokare. Ya jingina wayarsa a jikin gilashin gaba, ya kunna wani bidiyo da ya kalla ya fi sau goma, inda wani mutum mai tsaftatattun hannuwa ya yi aikin duka cikin minti goma sha biyu. Ya rage muryar har sai ya kasa kunne yake ji. Da yake motar doguwa ce shi kuma ba dogo ba, ya kifa tsohon bokitin fenti ya hau.

Kwandensa wani faffaɗan abu ne marar kauri, kamar taga da aka saƙa da siraran ƙarafa. Tana zaune ne a gaban lagireto, tankin ruwan da ke sanyaya inji, tsakaninsu bai fi faɗin yatsu uku ba. Kafin a zare ta sai an kwance maɗauran lagireto na sama an kwantar da shi baya kaɗan. Auta ya yi haka, ya samo guntun katako ya tokare shi. Ya kwance bututu biyun, wani noti ya ba shi wuya har ya ƙuje ɗan yatsa, amma ya fita. Wajen ƙarfe goma da rabi tsohuwar kwandensar tana jingine a jikin taya, da hujinta kamar na harsashi. Ya tsaya yana kallonta hannu a ƙugu, yana jin kansa wani abu. Ashe dai abin ba tsafi ba ne.

Ta bayan katanga yana jin rediyon Yaya ƙasa-ƙasa, da ƙarar cokali a kofin shayi, da wannan tarin nasa mai zuwa biyu-biyu wanda Auta ya sani tun yana yaro.

Ya zura sabuwar a hankali. A ƙasanta akwai ƙafafu biyu da za su zauna cikin wasu robobi. Ta dama ta zauna. Ta hagu ta ƙi, da ya matsa sai robar ta fice ta faɗa can ƙasa tsakanin kwandensa da lagireto. Ya haska ya hango ta a kan wani ƙarfe. Ya naɗe hannun rigarsa, ya kwanta da ciki a kan gaban motar, ya cusa hannun dama a wannan ɗan tsukin har ya wuce gwiwar hannu. Yatsunsa suka taɓa robar. Ya ƙara miƙewa kaɗan.

Kafaɗarsa ce ta bugi katakon. Katakon ya fice, lagireto ya dawo gaba, kwandensar da ba ta gama zama ba ta karkace ta sulale ƙasa, gefenta ya shige ƙarƙashin ƙarfen gaban mota ya kafe. Auta ya zabura, bokitin ya suɓuce daga ƙarƙashinsa ya gangara har bakin famfo yana ƙara.

Da farko bai tsorata ba, haushi ne ya kama shi. Ya ja hannun, ya ji madaurin agogonsa ya maƙale a wani abu, siraran ƙarafan nan kuma suka kama fatar wuyan hannunsa kamar haƙoran zarto. Ya sa hannun hagu ya tura lagireto baya. Ya motsa kaɗan, amma kwandensar ko gezau, ita ce ta danne shi a jikin ƙarfe. Ya gwada ɗaga ta, ba wurin kamawa. Ya gwada juya hannun, ya ji wani abu mai ɗumi yana bin tafinsa.

Sai a lokacin ya lura da yadda yake tsaye. Kan yatsun ƙafarsa kawai ke taɓa ƙasa, cikinsa a kan ƙarfe, kansa a ƙarƙashin bonet. In ya saki jiki nauyinsa duka ya koma kan hannun. Ya ɗora gwiwa ɗaya a kan bamba, ya ɗan samu sauƙi, bayan 'yan mintoci gwiwar ta fara raɗaɗi ya sauya ɗayar. Tsalle ɗaya kan jefa mutum rijiya, in ji masu magana, ya yi dubu bai fito ba.

Mutumin bidiyon ya gama aikinsa ya goge hannu, ya sake farawa daga farko. Wayar tana can jikin gilashi, tsakaninta da yatsun Auta na hagu bai fi taƙi biyu ba. Ya lalubo doguwar sifana a kan batir, ya miƙa, ya fara jawo ta a hankali a hankali. Ta taho, ta taho, ta zo bakin gilashin, ta kife, ta bi ta gefen mota ta faɗi ƙasa. Muryar mutumin ta ɗauke.

Inuwar katanga ta fara janyewa. Ta bar bayan motar, ta bar rufin, ta bar ƙafafunsa. Rana ta sauka a gadon bayansa ta zauna. Gumi yana gangarowa cikin idonsa ba halin sharewa sai da kafaɗa. Agogon yana can ƙasa tare da hannun, ba ya ganinsa, sai dai in ya yi tsit yana jin bugunsa a jikin ƙarfe. Wayar ta yi ƙara a ƙasa sau biyu, da irin kiɗan da ya sa wa matarsa, ta gaji ta yi shiru.

Ya san abin da ya kamata ya yi tun minti na farko. Katangar ba ta fi taku uku daga inda yake ba. Ko murya ba sai ya ɗaga ba. Amma duk lokacin da ya buɗe baki sai ya ga abin kamar a majigi: Yaya ya shigo ya same shi a rataye, gindi sama, kai a cikin inji, ga kwalin sabuwar kwandensa a yashe yana ba da shaida cewa ya gwammace ya ɓata motarsa da ya taka ƙofar ɗan'uwansa. Shekara shida bai kira shi don ya ba shi haƙuri ba, sai yau da wuya ta yi wuya? Ya rufe bakin. Ya ce bari ya ƙara gwadawa sau ɗaya.

Wajen tsakar rana aka buga get. Mai kwasar shara ne, ya san bugunsa, uku sannan ɗaya. Zuciyar Auta ta yi tsalle. Mutumin ƙaƙƙarfa ne, zai iya haurowa. Sai dai kafin ya fahimci abin da ake ciki dole a yi masa bayani da ƙarfi, daga nan har titi, kuma kowace kalma sai ta bi ta kan katanga. Aka sake bugawa. Auta ya ji muryarsa da kansa, garau kamar ta mai hutawa a kan tabarma, tana cewa yau ba shara, ya dawo wani makon. Ya saurari ƙarar kurar mutumin tana nisa har ta ɓace. Sannan ya kifa goshinsa a kan ƙarfe mai zafi ya zagi kansa da zagin da ba zai yarda wani ya yi masa ba.

Rediyon Yaya ya daɗe da yin shiru, bai san yaushe aka kashe shi ba. Ya jiyo muryar matar Yaya tana magana ƙasa-ƙasa, da sauri, irin maganar mace da ke faɗa ba ta so a ji. Aka rufe wata ƙofa da ƙarfi.

Ƙishirwa ta zo, ta manne masa harshe a ganɗa. Famfon tsakar gida yana ɗiga a gabansa, ɗis, ɗis, cikin bokitin da ya gudu. Cinyoyinsa suka fara rawa su kaɗai. Ya tuna yadda Yaya ya koya masa tuƙi a wata tsohuwar motar gareji, yana zaune a gefe ba ya cewa komai har sai mota ta mutu, sannan ya tambaye shi me ya ji kafin ta mutu. Haka yake tun asali. Ba ya ce maka ka yi kuskure, sai ya bar ka da kuskurenka ku kalli juna. Auta ya tsani wannan hali tun yana ƙarami, yanzu ma da ya tuna sai da ransa ya ɓaci.

Ciwon hannun ya yi ta ƙaruwa, yana bugawa har cikin kunnensa, sai kuma ya fara raguwa. Ya ɗauka sauƙi ne. Ya yi niyyar motsa yatsunsa, ya aika musu saƙo, bai ji sun amsa ba. Ya sake. Babban yatsa ya ɗan motsa, sauran kamar na wani. Nan ne tsoro na gaske ya shige shi, wani sanyi ya bi bayansa duk da ranar. Da wannan hannun yake sa giya. Da shi yake ɗaure kaya. Ya ga kansa zaune a ƙofar gida da hannun riga a naɗe, yara huɗu suna wucewa ta gabansa.

Kalmar ta fito a dishe, da kyar shi kansa ya ji ta.

"Yaya."

"Na'am."

Amsar ba daga cikin ɗaki ta zo ba. Daga gindin katangar ta zo, dab da shi, kamar mutumin yana jingine da ita.

"Hannuna ya maƙale. Get a kulle yake ta ciki."

Ya ji an ja kujera, an kira matar gida, ƙarfe ya gogi bulo. Can sai ga kan tsani ya leƙo, sannan hular Yaya, sannan fuskarsa. Shekara shida Auta yana ganinsa daga nesa, a titi, a wurin jana'izar mutane, amma bai san ya tsufa haka ba. Wuyansa ya rame, girarsa ta yi fari. Ya haye katangar da kyar saboda gwiwarsa, ya sauko a kan rufin motar, daga nan cikin bodi, daga nan ƙasa. Matarsa ta miƙo masa akwatin kayan aiki da gorar ruwa, ta leƙo ta ga Auta, ta dafe baki ta sauka.

Abu na farko da Yaya ya yi shi ne ya ɗauko bokitin ya tura ƙarƙashin ƙafafun ƙanensa. Auta ya taka, ya ji kamar an sauke masa buhu daga kafaɗa. Yaya ya kafa masa gorar a baki ya sha. Sannan ya leƙa cikin tsukin, ya daɗe yana kallo, ya zura yatsa ya shafa nan ya shafa can. Ya ce kada ya ja, ko ya ji ya saki kada ya ja. Ya ɓalle ragar gaba, ya kwance fitilar hagu ya ajiye a kan tampol, ya kwance wasu notuna huɗu da Auta bai ma san da su ba, ƙarfen gaban ya yi sako-sako. Ya zura siririn almakashi ya yanke madaurin agogon. Ya kaɗa ruwan sabulu a murfin gora ya tsiyaya a kan wuyan hannun, ya ɗaga kwandensar da tafin hannu ɗaya kamar mai ɗaga jariri.

"Yanzu. A hankali."

Hannun ya fito. Ya kumbura ya yi baƙi-baƙi, da layukan yanka jere kamar an ja masa mataji. Auta ya zame ya zauna a ƙasa ya jingina da taya. Da jini ya fara komawa cikin yatsun sai da ya ciji rigarsa.

Yaya ya wanke masa ciwon a famfo, ya yage tsumma mai tsafta daga akwatinsa ya ɗaure. Ya sa shi ya motsa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Uku suka motsa, na ƙarshe biyu suka ƙi. Ya ce wannan sai asibiti, yau ba gobe ba.

Auta ya tambaye shi, idonsa a ƙasa, tun yaushe ya sani.

Yaya ya ce tun da ya ji katako ya faɗi, bokiti ya bi bayansa, daga nan bai sake jin ƙarar sifana ba.

"Awa uku ke nan, Yaya. Kana zaune a nan?"

"Ina zaune."

"Kuma ka yi shiru."

"Ba ka kira ba." Ya matse tsumman da ya goge hannu da shi. "Mai shara ma ka ce masa ya dawo wani makon."

Auta ya ji wani abu ya taso masa, bai san ko fushi ba ne ko kunya. Yana so ya ce da hannun ya mutu fa? Yana so ya ce wane irin mutum ne zai zauna da kofin shayi yana sauraron ɗan'uwansa a rataye? Amma ya dubi fuskar Yaya ya ga leɓensa ya bushe ya tsattsage, rigarsa ta jiƙe sharkaf ta baya, domin a wancan gefen katangar ba inuwa tun hantsi. Ya haɗiye maganar.

Yaya bai tafi ba. Ya ce ba a barin aiki a buɗe. Ya zaro sabuwar kwandensar ya ɗaga ta a rana, ya kawo ta dab da fuskarsa yana bin ta layi-layi. Ya ce ta lanƙwashe a wurare amma ba ta huje ba, ta fi mai ita sa'a. Ya miƙe lanƙwasar da bakin ƙaramar wuƙa. Ya ciro robar da ta jawo duk wannan, ya shafa mata sabulu, ta zauna a wurinta ba gardama. Da ya zo kan bututu sai ya tsaya, ya ɗago wasu ƙananan zobban roba da suka taushe, ya tambayi Auta ko waɗannan tsofaffin ya yi niyyar mayarwa. Auta ya ce mutumin bidiyon bai ce a canza ba. Yaya ya ce to, da gas ɗin ya kai shi Laraba, in ya yi tsawon rai Alhamis. Ya ciro sababbi daga wata 'yar kwalba, ya shafa musu mai, ya ɗaura.

Auta yana riƙe masa fitilar motar da hannun hagu, Yaya yana ɗaure ta. Ya ga in ba yanzu ba, ba rana. Ya ce, maganar nan da ya faɗa ranar rasuwar Inna.

"Ɗaga ta sama kaɗan," in ji Yaya. "Ramin notin bai daidaita ba."

Ya ɗaga. Aka ɗaure noti. Aka rufe bonet. Yaya ya tattara kayansa ɗaya bayan ɗaya, ya ce saura a zuƙe iskar ciki a ɗura gas, wannan kuwa sai a gareji. Ya zo gobe da bakwai kafin mutane su taru. Ya zare sakatun get ɗin da kansa ya fita, ya zagaya ta titi ya shiga ƙofarsa.

A asibiti suka ce jijiya ce ta dannu, za ta farfaɗo, amma kada ya yi doguwar tafiya da mota har mako uku. Ya buga wa injiniyar ya gaya mata. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta kuma ce ba za su iya jira ba, za su nemi wata motar. Da matarsa ta dawo ta ga hannun a naɗe, ta ga tsanin da ke jingine har yanzu a kan katanga, sai ta tafi ta ɗora masa ruwan zafi.

Washegari ya tashi ba shi da aikin zuwa, ba shi kuma da dalilin gaggawar sanyi. Ya yi ta kewaya motar. Bakwai saura kwata ya shiga ya tayar, ya lallaɓa da hannun hagu har garejin.

Yaya shi kaɗai ne, yana share bakin rumfa. Ya amsa gaisuwa a taƙaice. Ya haɗa tiyo biyu, ja da shuɗi, ya kunna wani ƙaramin inji da ya kama gurnani, ya ce sai ya yi minti arba'in yana zuƙa, sannan a kashe a ga ko allurar agogonsa za ta tsaya. Ba abin da za a taɓa kafin nan. Benci ɗaya ne a rumfar. Suka zauna, kowa a ƙarshensa, suna kallon agogon injin.

Minti goma suka wuce. Auta ya ce, ba tare da ya juyo ba, abin da ya faɗa ƙarya ne, ya san ƙarya ne tun mako guda bayan nan, kuma kunya ce ta hana shi zuwa, ba wani abu ba. Ya roƙe shi ya yafe masa.

Yaya ya daɗe yana murza gwiwarsa. Ya ce shi abin da ya fi ci masa rai ba maganar ba ce. Har yau in ya kwanta yakan ce da ya ɗauke ta da ƙarfi tun ranar farko, ko tana kuka, ko za ta tsine masa. Ya ce da Auta ya faɗi abin a gaban mutane, ji ya yi kamar an karanto masa abin da ke cikin zuciyarsa, shi ya sa ya kasa ci gaba da ganin fuskarsa kowace safiya. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya tashi ya duba allura ya dawo ya zauna, wannan karon bai kai ƙarshen bencin ba.

Allura ta tsaya. Aka ɗura gas. Yaya ya sa shi ya tayar da mota, ya zura hannu ta taga ya tara tafinsa a bakin iska, ya jira, ya gyaɗa kai. Yana naɗe tiyo ya ce, kamar mai zancen farashin taya, idonsa na hagu ya yi yana, likita ya sa masa ranar tara ga wata za a yi aiki, sun ce ba zai iya dawo da kansa gida ba. Babban ɗansa yana nesa, ba ya so ya taso shi.

Auta ya lissafa a ransa, ranar tara hannun bai cika mako uku ba. Ya tambaye shi ƙarfe nawa.

Yaya ya ce takwas suka ce, amma ya san halin asibiti, gara a fita da wuri.

Wata jar mota ta shigo ta tsaya a bayan a-kori-kurar, mai ita ya leƙo yana fifita da jarida. Yaya ya ɗaga masa hannu, ya ce wa Auta ya ja gaba ya ba mutane wuri.